Magani da horon ƙwaƙwalwa a kan yaro ɗaya mai ADHD: nazarin lamari

Yaron yana da shekara 9, kuma ya kusa cika shekara guda yana shan maganin ADHD lokacin da iyayensa suka zo wurina. Na sakaya sunansa da nasu, na kuma cire duk abin da zai sa a gane su. Aikina nazarin halayyar yara ne, ba na rubuta magani. Saboda haka duk hukuncin da ya shafi magani a wannan lamari likitar yara ce ta yanke shi. Nawa shi ne zama da iyalin, da bin diddigin abin da ke faruwa a gida da makaranta.

ADHD matsala ce ta kasa tsayar da hankali wuri ɗaya, da yawan motsi, da aikata abu kafin tunani ya iso. Kimanin yara 5 cikin 100 ne ke da ita a duniya. Ba kowace ƙiriniya ce ADHD ba, shi ya sa ƙa'idojin DSM-5 (littafin da likitoci ke bi wajen tantance matsalolin ƙwaƙwalwa da halayya) da suka fito a 2013 suka gindaya sharuɗɗa: alamomi shida ko fiye daga cikin tara a ɓangaren rashin mayar da hankali ko a ɓangaren yawan motsi, su daɗe aƙalla wata shida, su fara kafin shekara 12, a gan su a wuri fiye da ɗaya, kuma su riƙa kawo cikas na gaske ga rayuwar yaro. Wannan yaron ya cika sharuɗɗan a ɓangarorin biyu.

Mahaifiyarsa ta kawo mini littafinsa na lissafi na kafin a fara magani. A kowane shafi tambayoyi uku na farko an yi su tsaf, amsa daidai, rubutu a kan layi. Daga ta huɗu rubutun ya fara karkacewa, ta biyar an fara ba a ƙarasa ba, sauran shafin kuwa zanen motoci ne da ramukan da bakin fensir ya huda. Malamarsa ta rubuta a ƙasan wani shafi cewa ya san aikin, zaman yin sa ne ba ya iyawa.

Abin da magani ya gyara da abin da ya ɓata

Likitar ta ɗora shi a kan metilfenidet, irin mai daɗewa a jiki, sau ɗaya da safe. Maganin tsoho ne: Leandro Panizzon ya haɗa shi a 1944 a kamfanin Ciba, aka kuma sayar da shi da sunan Ritalin. Aikinsa shi ne rage saurin da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke sake zuƙe sinadaran dofamin da noradirenalin, ta yadda saƙon da ke cewa "tsaya a kan wannan" zai samu ƙarfin isa inda za shi. Irin mai saurin aiki yakan yi awa 3 zuwa 4, mai daɗewa kuma yakan kai awa 8 zuwa 12. A duk magungunan da ake ba yara saboda matsalolin halayya, kaɗan ne aka gwada kamar wannan. Babban binciken MTA da aka wallafa a Amurka a 1999 ya bi yara 579 tsawon wata 14, ya kuma samu cewa magani da ake sa wa ido sosai ya fi horon halayya shi kaɗai rage ainihin alamomin.

A aji, maganin ya yi aiki. Kiran waya daga makaranta ya ragu, littafin lissafi ya fara cika har ƙasan shafi. A gida ne aka biya kuɗin. Abincin rana yakan dawo yadda aka zuba shi. Nauyinsa ya tsaya cik alhali tsawonsa na ƙaruwa. Barci ba ya zuwa sai dare ya yi nisa. Da yamma kuma, daidai lokacin da maganin ke barin jiki, sai fushi da kuka a kan abin da bai kai ya kawo ba. Duka waɗannan sanannun illolin maganin ne, amma sanin sunansu ba ya rage wa uwa zafin ganin haƙarƙarin ɗanta.

Mahaifin ne ya fara magana a zamanmu na farko. "Likita," in ji shi (haka suke kirana duk da na yi musu bayani), "da rana kamar an ɗaure shi, da yamma kamar an kunce shi. Ni ɗana nake so, ba wanda ƙwaya ke juyawa ba." Ya ci karo da horon ƙwaƙwalwa a intanet, inda ake cewa yana gyara matsalar daga tushe ba tare da magani ba, har ya samo cibiyar da ke yi. Nufinsa a dakatar da magani a makon nan, a koma can. Yana kuma da wani tsoro da bai faɗa ba sai daga baya, wato kada maganin ya zama ƙofar shaye-shaye idan yaron ya girma. Na gaya masa cewa binciken da ya bi irin waɗannan yara har girmansu bai nuna shan maganin bisa umarnin likita yana ƙara wannan haɗari ba.

Mahaifiyar ba ta ce a'a ba, amma ta ce, "Baban yara, ni ake kira daga makaranta, ba kai ba." Daga nan na fahimci cewa kowannensu yana kallon wani sashe ne na yinin yaron, kuma kowa gaskiyarsa yake faɗa.

Mene ne horon, kuma me aka gano game da shi

Ƙwaƙwalwa tana fitar da 'yar wutar lantarki da ake iya ɗauka daga fatar kai. Hans Berger, wani likita a Jamus, shi ya fara ɗaukar ta daga jikin mutum a 1924, ya wallafa a 1929. Wannan shi ne awon EEG. Wutar tana zuwa ne a igiyoyi masu sauri daban-daban. Igiyar teta tana kaɗawa sau 4 zuwa 8 a daƙiƙa, kuma tana yawaita lokacin gyangyaɗi ko tafiyar tunani. Igiyar beta ta fi sauri, daga sau 13 zuwa sama, tana tafiya da farkawa da mayar da hankali. An lura cewa wasu yara masu ADHD suna da teta mai yawa idan an gwada da beta. Daga nan tunanin ya taso: idan aka nuna wa yaro abin da ƙwaƙwalwarsa ke yi a daidai lokacin da take yi, aka kuma ba shi lada duk sanda ta karkata inda ake so, wataƙila zai koyi kai ta can da kansa.

Barry Sterman ya fara nuna haka a kan kyanwoyi a jami'ar UCLA a ƙarshen shekarun 1960, da wata igiya mai kaɗawa sau 12 zuwa 15 wadda ke bayyana idan jiki ya natsu amma ido na buɗe. A 1976 Joel Lubar da Margaret Shouse suka gwada irin wannan horo a kan wani yaro mai yawan motsi. Wani abu da masu tallar horon ba su cika ambata ba shi ne, wancan yaron na farko yana shan Ritalin ake yi masa horon. Tun ranar farko, a matsayin ƙari a kan magani aka gwada shi.

Binciken da mahaifin ya fi riƙewa shi ne na Vincent Monastra na 2002. Yara 100 ne, duka suna shan Ritalin, 51 daga cikinsu aka ƙara musu horo. Da aka janye maganin na mako guda, waɗanda aka yi wa horo ne kaɗai suka riƙe ci gabansu. Sakamakon yana da ban sha'awa, na kuma gane dalilin da ya sa uba zai rungume shi. Matsalar ita ce ba ƙuri'a aka jefa wajen raba yaran ba, iyaye ne suka zaɓa. Iyalin da suka zaɓi kai ɗansu horo wata da watanni, tun asali ba irin iyalin da ba su zaɓa ba ne, wajen lokaci da hali da himma.

Da aka fara yin gwaje-gwaje masu tsauri, hoton ya canza. A 2016 Samuele Cortese da abokan aikinsa na Turai suka tattara gwaje-gwaje 13 da suka ƙunshi yara 520. Idan aka tambayi waɗanda suka san an yi wa yaro horo, galibi iyaye, sai a ga amfani. Idan aka tambayi waɗanda da wuya su sani, galibi malamai, sai amfanin ya ragu har ba a iya dogara da shi. A shekarar dai, wani gwaji a Holan da yara 112 ya kwatanta horon da metilfenidet da kuma motsa jiki, maganin ya yi gaba. Sai babban gwajin Amurka da Eugene Arnold da tawagarsa suka wallafa a 2021: yara 144 masu shekara 7 zuwa 10, aka raba su da ƙuri'a, wasu aka yi musu horo na gaske, wasu na bogi, inda allon ke nuna igiyoyin da aka naɗa tun da farko maimakon na yaron da ke zaune. Ba yaro, ba iyaye, ba mai horarwa da ya san wane ne wane. Duka ɓangarorin biyu suka samu sauƙi sosai, kuma babu wani bambanci na a zo a gani a tsakaninsu. Tattarawa mafi girma, wadda ta fito a ƙarshen 2024 da gwaje-gwaje 38 da mutum 2,472, ita ma ba ta samu wani amfani mai ma'ana ba a idon masu awon da ba su san wa aka yi wa horo ba, sai ɗan ƙaramin tasiri a gwaje-gwajen da suka bi tsare-tsaren horo da aka fi sani.

A ɗaya hannun, akwai abu biyu da bai kamata a ɓoye ba. Tattarawar Jessica Van Doren ta 2019 ta samu cewa, a awon iyaye, sauƙin da aka samu bayan horo yana nan bayan wata 2 zuwa 12, alhali amfanin magani yana tsayawa ne ranar da aka daina sha. Kuma a gwajin Arnold ɗin nan, bayan wata 13, yaran da aka yi wa horo na gaske sun fi na bogi ƙarancin buƙatar magani. Ba wannan ce babbar tambayar gwajin ba, don haka ba a gina gida a kanta, amma tana nan.

Na faɗa wa iyayen duk wannan ba tare da na yi masa kwalliya ba. Ra'ayina, wanda har yanzu ban sauya ba, shi ne horon bai kai ya maye gurbin magani ba ga yaron da maganin ke yi wa aiki, kuma haɗarinsa ga jiki kaɗan ne, bai wuce gajiya ko ciwon kai na ɗan lokaci ba. Haɗarinsa na gaske yana wurin abin da ake bari saboda shi.

Yarjejeniyar da aka yi

Da na ce musu kada su je, da mahaifin ya tafi shi kaɗai, ya kuma dakatar da maganin ba tare da sanin likita ba. Na ga alamar haka a fuskarsa. Sai muka zauna da likitar muka tsara yadda za a yi abin ta hanyar da a ƙarshe za a iya sanin me ya faru.

Likitar ta ce kafin a taɓa komai sai an fara gyara yadda ake shan maganin. Aka dawo da shi da sassafe, bayan yaron ya karya kumallo sosai, aka kuma mayar da babban cin abincinsa zuwa dare lokacin da yunwa ke dawo masa. Aka bar wannan ya zauna na wasu makonni, don kada a zo a jingina wa horo abin da sauyin lokaci ya yi. Bayan haka aka fara horon, da sharaɗin ba za a rage ko ƙara magani ba har a gama.

Sharaɗin da na fi dagewa a kai ya shafi malamarsa. Na je na same ta, na ce, "Malama, za mu riƙa gwada wasu abubuwa a kan yaron nan da yardar iyayensa da likitarsa. Ina roƙon ki cika mana wannan fom duk bayan mako biyu, kuma ina roƙon kada ki tambaye mu me muke gwadawa ko yaushe." Ta yi dariya ta ce ai hakan ya fi mata sauƙi. Fom ɗin tambayoyi ne a kan alamomin nan 18, kowace a zaɓi ko ba ta faruwa, ko jefi-jefi, ko sau da yawa, ko kullum. Iyayen ma suna cika irinsa, kowa nasa daban, ba tare da sun duba na juna ba. Mahaifiyar kuma tana rubuta lokacin da ya yi barci da lokacin da ya tashi.

A ɗakin horo

Na halarci wasu daga cikin zaman. Mai horarwar takan goge tsakiyar kansa da wani mai mai ɗan kaushi, ta manna 'yar faranti ta ƙarfe da ba ta kai farce girma ba, ta maƙala wasu biyu a fatar kunnuwansa. Babu wutar da ke shiga kansa, na'urar sauraro kawai take yi. A allon kwamfuta akwai jirgin sama. Idan teta ta sauka beta ta hau, jirgin ya ɗaga, a ji ƙara, maki ya ƙaru. Idan hankalinsa ya tafi, jirgin ya yi ƙasa, allon ya dusashe. Ba a gaya masa yadda zai yi, domin babu yadda za a gaya masa. Ana dai ce masa ya sa jirgin ya tashi. Zama ɗaya bai kai awa guda ba, sau biyu a mako, kuma irin wannan horo yakan ɗauki zama 30 zuwa 40.

A mako na biyu ya gano wata dabara. Idan ya cije haƙoransa, jirgin yana tashi. Wutar da tsokar muƙamuƙi ke fitarwa tana da sauri, kuma na'ura tana iya ɗaukarta a matsayin beta. Mai horarwar ta lura da yadda kumatunsa ke motsi, ta saita na'urar ta riƙa tsayar da wasan duk sanda tsoka ta shiga. Ta yi aikinta da kyau. Amma na daɗe ina tunanin yara nawa ne a wasu wurare suke shafe watanni suna koyon cije haƙori, ana nuna wa iyayensu jadawali mai hawa sama.

Makonnin tsakiya sun yi wuya. Wasan ya gundure shi, yakan tambaya, "Baba, saura nawa?" tun kafin a manna masa waya. Abin da ya riƙe shi shi ne maki da yake tarawa ana canza masa su da ƙananan kyaututtuka, da kuma wani abu da ba ya cikin tsarin kowa. Mahaifin ne ke kai shi ya dawo da shi, su biyu kaɗai, sau biyu kowane mako. Mutumin da a da ba ya ganin ɗansa sai a lokacin fushin yamma, yanzu yana zaune a bayansa yana kallon yadda yake fama da kansa don ya riƙe jirgi a sama na minti uku. Wata rana ya ce mini, "Ashe ba ƙin ji ba ne." Tsawa ta ragu a gidan daga lokacin. Cibiyar ta kuma nace cewa kada a kawo shi da bashin barci, don haka aka tsayar da lokacin kwanciya, aka fitar da waya daga ɗakinsa.

Abin da fom-fom suka nuna

Bayan kimanin wata huɗu aka gama. Fom ɗin mahaifin ya nuna sauyi babba, kusan kowace alama ta sauka. Na mahaifiyar ya nuna sauyi matsakaici, mafi yawa a fushin yamma da shirin kwanciya. Na malamar ya motsa kaɗan: tashi daga kujera ya ɗan ragu, sauran suna inda magani ya ajiye su tun farko. Littafin barci ne ya fi kowa magana a sarari, domin yaron ya koma yin barci da wuri fiye da da, kuma hakan ya dore.

Wato abin da aka gani a manyan gwaje-gwaje shi ne ya bayyana a gida ɗaya: gwargwadon yadda mutum ya sa rai da dukiya a horon, gwargwadon sauyin da ya gani. Ba ina cewa mahaifin ƙarya yake yi ba. Yaron da yake gani da yamma ya canza da gaske. Sai dai shi kansa mai kallon ya canza, kuma fom ba ya iya raba waɗannan biyun.

Cibiyar ta ba su hoton kan yaron mai launuka, na kafin horo da na bayansa, ja ya ragu, kore ya ƙaru. Mahaifin ya kawo mini shi a matsayin hujja. Na bayyana masa cewa gwada teta da beta bai zama ma'aunin da ake yanke hukunci da shi ba. Gaskiya ne hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wata na'ura mai suna NEBA a 2013 don ta taimaka wa likita wajen tantance yara masu shekara 6 zuwa 17, amma a 2016 ƙungiyar likitocin jijiyoyi ta Amurka ta ba da shawarar kada a dogara da wannan awo wajen tabbatar da ADHD, saboda yana iya nuna matsala ga wanda ba shi da ita. Awon yana sauyawa da shekaru, da barcin daren jiya, har da ko yaro ya sha maganinsa a safiyar. Hoton yana da kyau a ido, amma ba shi zai zauna a aji ba.

Gwajin janye magani

Tun farko mun yi wa mahaifin alkawarin cewa idan an gama horo za a gwada janye maganin, kuma an cika. Likitar ta zaɓi tsakiyar zangon karatu, lokacin da babu jarrabawa, domin janyewa a lokacin hutu ba ta nuna komai game da aji. Aka shirya mako biyu. Malamar ba ta sani ba.

A gida kwanakin farko sun yi daɗi. Ya ci abinci kamar ba shi ba, surutunsa ya dawo, mahaifin yana murna. Kafin makon farko ya ƙare, malamar ta aiko da takarda ba tare da an tambaye ta ba, tana tambaya ko lafiya, domin kwana biyu ke nan ba ya ƙarasa aiki, yana amsa tambayar da aka yi wa wani, ya kuma yi faɗa a layi. Fom ɗinta na ƙarshen mako na biyu ya koma kusa da yadda yake kafin a taɓa fara magani, ko da yake bai kai can ba.

Abin da ya yanke maganar ba fom ba ne. Yaron ne da kansa ya ce wa mahaifiyarsa, "Mama, ina so in ji abin da Malama ke faɗa, amma kaina yana ta tafiya." Da aka maimaita wa mahaifin, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambayi likitar ko akwai matsakaici tsakanin abin da yake sha da da kuma babu.

Akwai. Ta mayar da shi kan maganin a mataki ɗaya ƙasa da na da. Malamar, wadda har lokacin ba ta san komai ba, ta cika fom biyu a jere da suka yi kusa da na lokacin da yake kan babban awon maganin. Cin abinci ya gyaru, fushin yamma ya yi sauƙi, kuma a awon da ya biyo baya nauyinsa ya fara bin layinsa na da.

Me ya jawo hakan

Mahaifin ya tabbata horon ne ya sa aka iya rage magani, kuma yana iya yiwuwa, domin ya yi daidai da abin da aka hango a gwajin Arnold. Amma akwai wasu dalilai da ke tsaye a layi ɗaya da shi. Mai yiwuwa awon farko ya fi ƙarfin buƙatarsa tun asali, kuma da an rage shi wata shida baya da an samu sakamako iri ɗaya. Barcinsa ya ƙaru, kuma rashin barci shi kaɗai yana tsananta duk alamomin ADHD. Ya ƙara wata shida a duniya, a shekarun da yawan motsi kan fara lafawa. Ya yi zama talatin da wani abu yana atisayen zama wuri ɗaya ana ba shi lada nan take, wanda horon halayya ne cikakke ko da babu waya a kansa, kuma wannan ne mafi kusan bayanin dalilin da ya sa yaran horon bogi ma suka samu sauƙi. Sannan ga uban da ya daina tsawa. Lamari ɗaya ba ya iya warware waɗannan daga juna, shi ya sa ake yin gwaji da ƙuri'a.

Abin da lamarin ya nuna ba tare da shakka ba ya fi ƙanƙanta, amma ya fi amfani ga iyalin. Bayan cikakken horo a hannun mai horarwa mai kula, yaron nan yana buƙatar maganinsa a aji. Da an bi shawarar farko aka janye maganin a ranar da aka fara horo, da an yi asarar zango guda na karatu, kuma da mahaifin yana cika fom yana ganin ci gaba alhali littafin lissafi yana komawa zanen motoci.

Idan wasu iyaye suka tambaye ni yanzu, ba na hana su, ba na kuma tura su. Ina tambayarsu ko an riga an gyara awon magani da lokacin shansa, ko an duba barci, ko sun samu horon iyaye kan tafiyar da halayyar yaro, ko an yi magana da makaranta a kan inda yake zama da yadda ake yanka masa aiki gutsure-gutsure. Waɗannan sun fi araha, hujjarsu kuma ta fi ƙarfi ko ta yi daidai. Idan an yi su, kuma iyali suna da hali da lokacin da ba za a ƙwace daga wasan yaro ko haƙƙin 'yan'uwansa ba, to a gwada, da sharaɗin magani yana nan kuma akwai mai awo wanda bai sani ba. Cibiyar da ta ce a daina magani kafin a fara, ko ta yi alkawarin warkewa, ko ta ce hoton kai ya isa ya tabbatar da ADHD, ina ce musu su fita daga wurin. Wannan yana ɓata mini rai ƙwarai, domin iyayen da ke zuwa irin waɗannan wurare a gajiye suke zuwa, kuma abin da suke nema bai wuce su ga ɗansu ya ci abinci ya yi barci ba.

Yanzu yaron yana kan ƙaramin awon. Likitar tana auna nauyinsa duk wata uku, tsawonsa duk wata shida, kamar yadda ƙa'idojin hukumar NICE mai ba da shawarwarin kiwon lafiya ta Birtaniya na 2018 suka tanada ga yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa, tana kuma duba bugun zuciya da hawan jini. Za a sake gwada janyewa a shekara mai zuwa, a tsakiyar zango kamar wancan. Cibiyar ta yi wa mahaifin tayin ƙarin zama don ƙarfafa abin da aka koya, ya kira ni yana neman shawara. Mun tsaya a kan cewa ba za a ƙara komai ba sai ya shiga sabon aji, sabon malaminsa ya cika fom aƙalla sau biyu, a ga inda yake tsaye.